Keken Ɗinkin da Ya Zo Daga Perth

A Dundee nake, bakin kogin Tay,
inda ruwan sama ba ya sallama kafin ya shigo.
Sunana Morven, allura ce gonata:
ƙafar wando, labule, kwat ɗin da ya matse mai shi.
Kekena na shekara ashirin ya gaji,
ya yi tari sau biyu, ya yi shiru.

Daren Laraba na ga talla a waya:
"Keken ɗinki na hannu, yana aiki sumul,
ko ciwon kai bai taɓa yi ba."
Hoto huɗu, duk ta fuska ɗaya.
Fam ɗari da arba'in. Na biya,
na ɗauki hoton tallar na adana,
halin uwata ne,
ko rasitin burodi ba ta yarwa.

Litinin kwali ya iso, jiƙe ta gindi.
Na jona wuta, na taka,
sai ƙara kamar ana niƙa tsakuwa.
Allura ta sauka sau ɗaya, ta ƙi tashi,
ƙaurin waya ya cika ɗaki.
Na juya shi. Bayan da hoto ya ɓoye
tsatsa ce, da tsaga tsawon yatsa.

Na rubuta wa mai shi, Fenella.
Amsa ta zo, gajera kamar wutsiyar akuya:
"Kwance ne. An saya, an gama."

Maƙwabcina Struan, tsohon ma'aikacin ofishin ba da shawara,
ya cire tabarau, ya goge da gefen riga.
Ya ce, "Da ɗan kasuwa ne ya sayar miki,
kina da kwanakin fasa ciniki, ko ba dalili.
Wannan mutum ce irinki,
tsufan kaya ba laifinta ba ne,
ba ta ce sabo ba.
Amma ta ce yana aiki.
Magana zarar bunu ce,
da ita za ki ɗaure ta.
Kada ki kwance ko noti ɗaya.
Hoto, bidiyo, kwanan wata.
Ki kai ƙara ta shafin da kika saya,
kada ki yarda a ja ki bayan fage."

Na yi haka. Ban zagi kowa ba.
Na ajiye kalmarta nan, hotona can,
na bar su su kalli juna.

Kwana uku, saƙo ya zo da tsakar dare,
dogo wannan karon.
"Na mahaifiyata ne.
Shekara shida yana gareji tun rasuwarta.
Ban iya jona shi ba, ban so in ji ƙararsa.
Abin da na tuna na rubuta,
ba abin da na gwada ba."

Na zauna har shayi ya huce.
Tausayi ya zo, bai ɓoye ba,
sai dai mai gidan haya bai san Fenella ba,
kuma labulen mutane bakwai na jira a kan kujera.

Ina naɗe shi na ja 'yar aljihun gefe:
maɓallai shuɗɗa a gwangwanin alewa,
da tef ɗin awo da lambobinsa suka koɗe.
Waɗannan ba sa cikin talla.
Na ƙunshe su daban, na rubuta sunanta.
A gidan waya na karɓi lambar bin sawu,
na soke ta da fil a bango.

Rana ta tara kuɗi suka dawo,
har da na aike, ba gibin kobo.

Jiya tallar ta sake fitowa.
Hoto shida, har da bayan.
"Ba ya aiki. Akwai tsatsa. Fam ashirin."
Struan ya ce ɗan ƙanwarsa na gyaran mota irin wannan.
Tun ɗazu wayar na hannuna,
ruwa na dukan taga.